A Sallami Kwamfuta Daga Aikin Kiɗa

Ni dai ina cikin masu cewa a sallami kwamfuta daga aikin sa waƙa, a ɗauko 'yar na'urar nan da ake kira sitirima, wadda ba ta san komai ba sai janyo waƙa daga intanet ta miƙa wa lasifika. Kuma maganar mutunci nake yi. Duk mai jona kwamfuta da lasifika ya san wannan tozarcin: baƙi sun zauna, shayi ya zagaya, kalangun Shata ya fara ɗaukar zafi, sai saƙon imel ya faɗo da ƙarar da ta danne makaɗan. Kana neman inda za ka kashe shi, fankar cikin kwamfutar ta tashi da huci, batir ya fara kuka, manhajar kuma ta zaɓi daidai wannan lokacin ta ce za ta sabunta kanta. Ka ƙare a durƙushe bayan tebur kana lalubar waya, babbar riga ta naɗe a wuya, baƙi na cewa "bar shi kawai, Malam," abin da ya fi zagi ciwo. Kwamfuta 'yar aiken gidan yawa ce, kowa na iya kiranta tana tsakiyar aikinka. Sitirima kuwa, tun da Spotify Connect ya fito a 2013, wayarka rimot ce kawai: ko surukarka ta kira, waƙa ba ta tsayawa.

Masana za su ce ai cikin sitirimar ma kwamfuta ce. Haka ne, har wasu na haɗa tasu da 'yar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar Volumio. Amma kwamfuta ce da aka hana ta yawon gulma. Batun daɗin sauti ne ba na rantsuwa a kai. Ma'aunin faifan CD tun 1982 shi ne awo 44,100 a daƙiƙa, kuma lambobin ba sa ƙara zaƙi don akwatin ya yi tsada. Mai cewa ya ji bambanci, sau da yawa kuɗinsa ne ke masa kiɗa a kunne. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset, na'urar miliyan za ta fito maka da shuuu ɗinta tsaf.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne kamfani na iya juya maka baya. Logitech ta daina yin sitirimarta Squeezebox a 2012, Google ta binne tata Chromecast Audio a 2019, Sonos kuma ta saki sabuwar manhaja a Mayun 2024 da ta rikita masu na'urorinta, har shugaban kamfanin ya sauka a Janairun 2025. Ga ɗauke wuta, ga data mai ƙarewa ba sallama. Duk na yarda. Shi ya sa nake cewa a sayi mai araha, wadda ke karanta filashi ko babu intanet. Kai kuma mai karatu, kada ka sayar da kwamfutar, da ita za ka nemo dalilin da ya sa sitirimar ta ƙi ganin Wi-Fi.