Mutanen da Ba Sa Fashin Zuwa Shrine

Duk wanda ya san daren Legas ya san gidan kiɗan Shrine. Mawaƙi Fela Anikulapo Kuti ne ya kafa ta a farkon shekarun 1970, a otal ɗin Empire da ke Mushin, daga baya ta koma titin Pepple a Ikeja. Bayan rasuwarsa a 1997, 'ya'yansa Yeni da Femi suka gina sabuwa a Agidingbi, aka buɗe a 2000. Katafariyar rumfar kwano ce, babu ruwanta da ƙawa. Kiɗa ne ke tara jama'a, amma kallo na ainihi yana cikin 'yan kallo.

Na farko shi ne Shaidan Gani da Ido. Tsoho ne mai furfura, komai aka kaɗa sai ya girgiza kai ya ce, "Ai ku yara ba ku ga komai ba." Yana nan, in ji shi, ranar da sojoji suka ƙone gidan Fela na Kalakuta a Fabrairun 1977, bayan waƙarsa ta Zombie. Zai naɗe ƙafar wando ya nuna maka tabon ranar. Ka duba da kyau: ƙunar salansar acaɓa ce. Da duk masu wannan iƙirari sun hallara a gidan, da sojojin ba su sami wurin tsayawa ba.

Na biyu Bature Mai Neman Afirka. Da rana ya sayi riga 'yar shara a kan kuɗin riguna uku. Ganga na gabas, ƙafarsa na yamma, gumi na zuba, amma ba ya sarewa. Tun da shugaban Faransa Macron ya leƙo a 2018 irinsa suka ƙaru.

Na uku Farfesan Hayaƙi. Yana can lungu, ido jawur, hayaƙin da ke tashi daga hannunsa ba na taba ba ne. Kafin ƙarfe biyun dare ya gyara wutar lantarki, ya biya bashin ƙasa, ya haɗe Afirka ta zama ɗaya. Da asuba kuma shi ne mai cewa, "Oga, taimaka da na mota."

Na huɗu Babban Mutum. Ya zo da jibgegiyar mota, ɗan sanda na riƙe masa waya. Ana soma waƙar ɓarayin gwamnati sai ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu a dunƙule irin na Fela, yana amshi da ƙarfi. A ransa da maƙwabcinsa ake. Gobe da safe yana ofis yana sa hannu a kwangilar titin da ba za a taɓa yi ba.

Na biyar Mai Waya. Femi na busa saksofon, ya riƙe sauti guda ba ya yanke numfashi, wuri ya kaure da ihu. Shi kuwa ya juya wa dandamali baya yana ɗaukar fuskarsa. A bikin Felabration na tunawa da Fela a watan Oktoba, sai ka rasa ta inda za ka hango makaɗan saboda wayoyin irinsa.

Na ƙarshe namu ne, Mai Tsire na bakin titi. Bai san waƙa ko ɗaya ba, bai taɓa taka rawa ba. Yana fifita garwashi, yana barbaɗa yaji, ya san mai biya da mai cewa "gobe". Farfesa na cin bashi, Bature na tari, shi yana lissafi.

In ka je, ka sayi tsirenka tun da wuri. Sannan kafin ka yi wa kowa dariya, ka duba ko a cikin biyar ɗin farko kake.