Malamin Kowane Fanni

A zamanin magabata, idan ɗalibi ya nufi nahawu sai ya nemi malamin nahawu, idan kuma fiƙihu yake bukata sai ya naɗe buzunsa ya nufi wani zaure, kuma ba a taɓa aibata faƙihi don bai iya hisabi ba. Amma ma'abota kamfanonin wannan zamani, Allah ya shirye su, mutum guda suke nema wanda zai ƙawata fuskar shafin intanet da React, ya gina cikinsa da Node.js, ya tsare taskar bayanai daga ɓarayi, sa'an nan in firinta ta ƙi aiki shi ne bokanta, duk bisa albashi ɗaya.

A shekarar 2020, Sebastian Ramirez, wanda ya ƙago manhajar FastAPI da hannunsa, ya ga sanarwar aiki mai sharaɗin ƙwarewar shekara 4 a kanta, alhali shekararta ɗaya da rabi da haihuwa. Wato mawallafi bai cancanci karantar da littafinsa ba.

Don haka, ya kai almajirin kwamfuta, ɗanɗani kowane fanni gwargwadon hali, amma ka zaɓi ɗaya ka zurfafa, gama taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.