Wai Katanga Ce Kawai? To Bismillah, Hau Mu Gani

Jama'a, saƙonninku sun iso, kuma na gode. Tun da na ambaci cewa na je na taka Babbar Ganuwar ƙasar Sin bakinku bai huta ba. Wani ya ce kuɗi ne suka yi mini yawa. Wani ya ce in dai katanga nake marmarin gani, maƙwabcinsa ya yi sabuwa har da fenti, zai kai ni kyauta. Wata Hajiya kuwa cewa ta yi da kuɗin jirgin nan na saya wa uwargida atamfa da su, da an fi sa mini albarka. Duk na ji. Yau kuma ku gyara zama, ɗaya bayan ɗaya zan bi ku. An ce da wasa ake gaya wa wawa magana, amma ni ban kama sunan kowa ba.

Da kai zan fara, Alhaji na Kantin Kwari. Fasfonka ya cika da tambarin Chana har an canza maka wani. Ka san kowane lungu na kasuwannin Gwanzu, ka san farashin kwantena, ka iya ciniki da kalkuleta ba tare da ka ji kalma ɗaya ta Sinanci ba. Amma in an tambaye ka Ganuwa, sai ka ce ai babu lokaci. Haba Alhaji! Daga Gwanzu zuwa Beijin kilomita 2,298 ne a jirgin ƙasa mai gudun tsiya, kusan awa takwas. Daga Beijin zuwa Badaling, inda aka fi zuwa, wajen kilomita 70 ne, kuma tun ƙarshen 2019 akwai jirgin da ke sauke mutum a tashar da aka haƙa ƙarƙashin dutsen, zurfin mita 102. Mutumin da ya iya haƙurin jiran kaya wata da watanni a tashar jirgin ruwa, shi ne zai ce kwana biyu sun gagare shi?

Sai ku 'yan "katanga ce kawai". A 2012 hukumomin Sin suka bayyana sakamakon awon da suka yi wa duk abin da sarakunan zamani daban-daban suka gina, ya kama kilomita 21,196. Kamar ka tashi daga Kano ka je Legas a mota ka dawo ne, wajen sau goma. Kada kuma ku ce na yi muku ƙari, don haka ga gaskiyar: ba zare ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Ganuwowi ne da yawa, wasu na gefen wasu, wasu sun rabu sun bi nasu hanya. Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya sa aka haɗa tsofaffin katangun arewa don tare mahayan Xiongnu. Wadda kuke gani a hoto kuwa, mai tubali da hasumiyoyi, aikin daular Ming ce da ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Tata kaɗai kilomita 8,850 ce, a ciki 6,259 gini ne, sauran kuma ramuka ne da duwatsu da koguna da aka bar su su yi aikin katanga.

Lissafi dai ba ya sa gumi. Abin da ke sa gumi shi ne hawa. Magina ba su nemi fili ba, ƙoƙuwar tsauni suka bi, inda ya hau su hau, inda ya gangara su gangara. Matakalar ba ta san adalci ba: wannan taki ɗaya ne ɗan ƙarami, na gaba sai ka ɗaga ƙafa har kusan gwiwa. A Badaling tsayinta ya kai kusan mita 8, faɗin samanta kuwa dawaki biyar za su jera. Za ka hango wata hasumiya ka ce daga can zan juyo, in ka isa kana haki sai ka ga wata tana leƙenka daga sama, ga kuma wata tsohuwar Basiniya da sandarta ta wuce ka ko waiwaye babu. A nan ne mai tumbi ke tuna duk tuwon daren da ya yi wa ƙari. Ga kuma abin da zai ɓata wa magidanta rai: a wasu sassan, da kunun shinkafa mai danƙo aka kwaɓa farar ƙasar da ta riƙe tubalin. I, shinkafa. Wadda muke aunawa da gwangwani muna tsaki, ita wasu suka zuba a gini, ga shi kuma shekara ɗari biyar bai saki ba.

Kada 'yan ɓangarena su yi dariya da yawa, don akwai naku. Ku ne masu cewa ana hango ta daga duniyar wata. Wa ya je ya dawo ya gaya muku? Abin da faɗinsa bai kai mita goma ba, launinsa kuma launin ƙasar da ke kewaye da shi? Ɗan sama-jannatin Sin na farko, Yang Liwei, ya kewaya duniya a 2003, kusa-kusa ma ba wata ba, ya sauko ya shaida wa mutanensa cewa bai gan ta ba. In mai abu ya ce bai gani ba, kai ɗan taya ɓera ɓari me ka gani?

Malam na majalisar bakin masallaci, Allah ya gafarta, kai ma na ji taka. Ka tambaya ko na jiyo motsin Yajuju da Majuju ta baya. Malam ya fi ni sanin cewa shingen Zulƙarnaini da aka siffanta a Suratul Kahfi na ƙarfe ne da narkakkiyar tagulla, a tsakanin duwatsu biyu. Wannan kuwa ƙasa ce da dutse da tubali, ga ƙofofi ana shiga ana fita. Na leƙa bayanta da idona. Abin da na gani bishiyoyi ne da wurin ajiye motoci.

Akwai kuma masu ilimin cikinku, waɗanda suka ce ai ganuwar ba ta hana kowa shiga ba, asarar tubali aka yi. Ku kam kun kusa gaskiya, shi ya sa zan daɗe a kanku. A 1449 Mangolawa suka kama Sarkin Sin sukutum a fagen yaƙi a Tumu. A 1550 wani jagoran Mangolawa, Altan Khan, ya keto ta Gubeikou har bakin Beijin. Mafi ciwo shi ne na 1644: Manchu ba su fasa komai ba, janar Wu Sangui mai tsaron Shanhaiguan ne ya buɗe musu ƙofa, suka shigo suka mulki ƙasar har 1912. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai ku ƙara da wannan: aikinta ba tare mutum kaɗai ba ne. Hasumiyoyin nan gidan waya ne, hayaƙi da rana, wuta da dare, labarin mahara ya riga dawakinsu isa. Samanta hanya ce ta kai dakaru. Ƙofofinta kuwa, irin Jiayuguan da ke can yamma a Gansu, nan ake tantance fatake a karɓi haraji. Mahari zai iya haurowa, amma fita da garken shanu da ganima ta kan katanga wani aiki ne. Kuma duk wanda ya tsaya a kai ya dubi tsaunin da aka hau da tubalin nan, dole ya tuna talakawa da fursunoni da sojojin da aka tilasta wa aikin, da yawansu ba su koma gida ba. Wannan ba a jin sa a hoto.

Yanzu sai manyan baƙi, Kanawa. Ku ne kuka ce me za a nuna muku, ku da kuke da badala. Wallahi kuna da abin faɗa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, wato harsashinta ya girmi ginin Badaling na 1505 da kusan shekara ɗari huɗu. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, kuma Turawan da suka zo a 1903 sai da suka haɗa da igwa. To amma ina take yau? Wani wurin ta zama shago, wani wurin gareji, wani wurin an yanka fuloti, wani wurin an kwashe ƙasar an buga tubali. Ta Sin ta shiga kundin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1987, taku kuwa tun 2007 take layin jira. Zage-zagi, na ga kuna murmushi. Ku rufe baki, in an gama da abokan wasanku za a tambaye ku inda kuka kai ganuwar Zazzau.

Ba wai Sinawa waliyyai ba ne. An ƙiyasta kusan kashi uku cikin goma na ganuwar Ming ta ɓace, iska da ruwa sun ci nasu, ƙauyawa sun kwashi tubali sun yi gidaje. A 2023 ma wasu mutum biyu a lardin Shanxi suka sa motar haƙa suka faɗaɗa wata kafa a jikinta don su rage nisan zuwa wurin aiki. Bambancin kawai shi ne su an kama su. Laifi tudu ne, na sani, amma wannan karon namu tudun ne muka rushe, ba mu ma da inda za mu taka mu hango na wani.

Wanda zuciyarsa ta fara karkata, ga guzuri. Kada ka je a makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, sai dai in ƙeyar mutane ka je kallo. Cunkoson ne ya sa a 2019 aka ƙayyade mutum 65,000 a rana a Badaling. In gwiwa ta fara gardama, ka nufi Mutianyu, akwai keken igiya da zai kai ka sama. Ka ajiye babbar riga da takalmi sau-ciki a masauki, iskar can ba ta san girma ba, sanyin hunturunta kuma ya sa namu na Janairu ya zama wasan yara. Hajiya mai tambayar abinci da wurin salla, a unguwar Niujie ta Beijin akwai masallacin da aka kafa tun 996, ga gidajen abincin Musulmi kewaye da shi.

Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, babu laifi, amma bai tsira ba. Ranar Asabar ɗin nan ka ɗebi yara ka kai su Ƙofar Ɗan'agundi ko Gadon Ƙaya ko Kabuga, ka nuna musu abin da ya rage, ka gaya musu wanda ya gina da abin da ya sa. In ka yi haka, ka dawo mu ci gaba da musu, zan saurare ka. In kuwa ba ka hau ta Sin ba, ba ka kuma leƙa ta gida ba, to Malam, ka ja bakinka ka bar masu ciwon gwiwa su yi magana.