Wa ya yanka silifar kawu?

Tsaya, kawu, ajiye bulalar tukuna. Tun da ka ji wai makarantun Gana sun koma koya wa yara zane da ƙirƙira da warware matsala kake cika kana batsewa. Ka ce kai karatu ka tura yaro, ba wasa ba? To saurara. Tun 2019 hukumar tsara manhaja, NaCCA, ta sa ƙirƙira da warware matsala cikin ƙwarewa 6 da ake so kowane ɗalibi ya fita da su. A ƙaramar sakandare kuwa darasin zane da ƙirƙira da na fasahar sana'a sun maye gurbin tsohon darasin BDT, kuma a 2024 aka fara rubuta su a jarrabawar BECE. Wasan nan dai yana da maki.

Ka ce bidi'ar Turawa ce? Haba kawu, kai da aka yanke wa cibiya a Salaga! Lokacin da fatake ke tahowa daga Kano da Katsina neman goron Gwanja, ga jakuna, ga baƙi cike da zango, ga rani ba ruwa, wane Bature ne ya zo ya nuna inda za a haƙa rijiyoyin nan da garin ya yi suna da su? Kada mu ɓoye, gumin bayi na cikinsu sosai. Amma dabarar ta gida ce. Wanda ya gano a shimfiɗa ganye, a jera goro, a ɗaure huhu, a riƙa yayyafa ruwa har kaya ya yi watanni a hanya bai bushe ba, me kake jin ya yi in ba warware matsala ba?

Ko ka leƙa Yendi ranar Damba. Batakarin nan da ke buɗewa idan mai rawa ya juya, daga siraran ƙyallaye aka haɗa shi, kuma sai da wani ya auna inda zai matse da inda zai saki. Kana tafa wa rigar, kana hana jikanka koyon lissafin da ya fito da ita.

Ka ce kai likita kake so ya zama, ba tela ba? Madalla. Allah ya haɗa ka da likitan da ya haddace littafi tsaf, amma in ciwonka ya saɓa wa shafi sai ya tsaya yana kallonka.

Yauwa, na ji ka: ina kayan aikin? Nan kam ka kama ni, kuma ban ji daɗi ba. A 1987, zamanin Rawlings, an yi alkawarin koyar da sana'a a ƙananan sakandare, makarantu da yawa kuma ba su ga ɗakin aiki ba. Malam ya zana zarto a allo, yara su haddace sunayen sassansa, su ci jarrabawa ba su taɓa yanka katako ba. In haka za a sake yi, ni ma ara mini bulalar.

Sai dai kada ka yi saurin murna. Wa ya yanka maka silifa ya yi wa motar gwangwani tayoyi? Da wace na'ura ya yi? Haka ma a aji, ba sai an jira ɗakin aiki ba. A Bawku albasa na yin arha da zarar an cire, wadda aka ajiye kuma ta ruɓe kafin ta yi tsada. Malam ya raba aji gida-gida, kowane rukuni ya gina ɗan rumbu da kara da laka, wani mai ƙofofin iska, wani ɗage daga ƙasa, a zuba albasa, a riƙa dubawa kowane mako ana rubuta wadda ta fara lalacewa. Wanda nasa ya ruɓe ya faɗi dalili, ya rushe ya sake.

Ka ce wa zai ba da albasar? Ai mun ga buhunan nan a zaurenka, kawu.