Mi Ya Koro Su?

Na san abin da za ku ce, mutanen Anka, tun kafin in kai aya. Za ku gyara zaman bargo, ku ƙara matsawa kusa da murhun mai shayi, ɗayanku ya ce: "Malam, wanga zance ƙarya na. Mi ya koro su?" To babu abin da ya koro su. Kuɗi ma suke biya a bar su su yi gudun.

A arewacin Ingila, kowane watan Janairu, lokacin da ku hazo ya hana ku fita sai hantsi, ana wata gasar tsere mai suna Spine Race. An fara ta a 2012. Tsawonta mil 268, daga ƙauyen Edale zuwa Kirk Yetholm a Sikotilan, kan tuddai da dausayi, kuma kwana bakwai aka ba mutum ya gama. Dare ya fi rana tsawo nesa ba kusa ba, don haka yawancin tafiyar da tocila a goshi ake yin ta, da jaka a baya mai ɗauke da abinci da shimfiɗa. Inda dusar ƙanƙara ta taru, ƙafa nutsewa take yi, sai ka ciro ta da ƙarfi kamar mai ratsa laka a fadama. Inda ta daskare kuwa santsi ne zalla, shi ya sa suke ɗaura wa takalma ƙusoshi. Kuma babban haɗarin yana cikin tsayawa: gumi ya jiƙa riga, iska ta buga, ɗumin jiki ya tsere, sai mutum ya fara sambatu.

Baba na Bukkuyum, na ga ka taɓe baki. Dakata, ban zo wurin da zai ƙona maka rai ba. A 2019 mace ce ta cinye tseren, ta bar maza duka a baya. Sunanta Jasmin Paris, likitar dabbobi, ta gama cikin awa 83 da 'yan mintoci, ta zabge fiye da awa 12 daga bajintar da aka kafa kafin ta. Tana shayarwa a lokacin, har tana tsayawa a zango ta tatsi nono saboda 'yarta. Kai kuwa, ranka ya daɗe, sai an ɗora maka buta a wuta kafin ka yi alwalar asuba.

"Aikin banza na masu ƙoshi," in ji na Gummi. Af, kai ma? Wa ke shiga ruwa tun duku-duku a tsakiyar ɗari yana ban-ruwan albasa, ƙafa duk faso? Da bakin dawa bai rufe ba, su wa ke kwasar karnuka da gora bayan kaka, su yini suna sheƙa gudu kan fako da duwatsu saboda zomo ɗaya, su dawo da ƙaya a ƙafa suna kirari? Ɗan dambe fa, da yake tuɓe riga cikin jaura don kalangu ya kira sunansa? Naku jarumta ne, na Bature hauka. Na ji.

Kada ma ku ce abin na Turawa ne kaɗai. A Obudu ta jihar Kuros Riba an fara tseren hawan dutse a 2005, wajen kilomita 11 ana haurawa, 'yan Habasha da Kenya suka riƙa zuwa suna kwashe daloli. Can dai babu ƙanƙara, sai hazo da huhu mai neman fita ta baki.

Ni ban ce ku tafi Ingila ba, kuɗin jirgin ma ya sayi shanun huɗa. Gobe da asuba dai a ajiye bargo, a zagaya filin makarantar firamare sau biyu. Wanda ya iso ba ya haki, shayinsa da burodi a wuyana. Baba, kai an yafe maka zagaye ɗaya.