Wasiƙa daga Alaba zuwa Kore Mairuwa

Zuwa ga taubashi,

Ubangidanka da ke Legas yana tambayar lafiyar Inna da Kawu da yara, da yadda gero ya yi bana. Shi yana nan ƙalau a kasuwar Alaba, cikin masu sayar da kayan sauti, inda lasifika ba ta yin shiru daga hantsi har magariba.

Labari ya iske shi cewa ranar sunan ɗanka ka ƙure muryar tsohon rediyon kaset ɗin Kawu, Ɗan Kwairo ya fito kamar mai fama da mura, har baƙin da suka zo daga Tibiri suka riƙa yi wa makaɗin sannu. Abin ya dame shi ƙwarai, don ba ya son kowa ya yi wa bawansa dariya in ba shi ya fara ba. Saboda haka ya saya maka ampili, ɗan ƙaramin injin ƙara ƙarfin sauti, wanda kuɗinsa bai kai na buhun gero ba. Ya damƙa wa direban da ke bi ta Sakkwato da Illela zuwa Ƙonni. Daga can za a sa shi a motar Yamai, ya wuce Dogon Dutsi, a sauke maka a bakin titi.

Ya san halinka. Kana buɗe kwali za ka ce ya yi rowa, tunda na maƙwabcinka an rubuta masa wat 3000 da manyan haruffa. To, ka duba gefen lambar, za ka ga PMPO. Wannan lissafin ƴan talla ne, ƙarfin da inji zai iya fitarwa na ƙiftawar ido kawai. Wanda ake dogara da shi shi ne RMS. Naka yana ɗauke da ƙwayar TPA3116 ta kamfanin Texas Instruments, mai iya ba da wat 50 a kowane ɓangare idan ta samu wuta sama da volt 20 da lasifika mai om 4. Da batirin volt 12 kuwa za ta tsaya wajen wat 15, kuma wannan ya ishi tsakar gida da zaure. Ko an ninka wat sau biyu, ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji. Sai an ninka sau goma mutum zai ce ƙarar ta ninku. Abin da ampili zai ba ka shi ne sarari: kotso ya fito da nauyinsa, muryar ƴan amshi ta rabu da ta ubangidansu, goge ya daina ƙaraji.

Batun batirin nan shi ya sa ya zaɓe shi. Bai manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, garuruwa suka kwana cikin duhu. Irin wannan ampili yana isar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa ga lasifika, ba ya zafi sosai, don haka batirin da kake cajawa da sola zai riƙe shi har a watse hira.

Yanzu ga haɗawa, kuma ka ba yaron gida mai zuwa makaranta ya karanta maka sau biyu. A bayan rediyon ka nemi ramin da aka rubuta wa LINE OUT, ka haɗa shi da ampili. In babu, ramin abin sawa a kunne ya wadatar, amma ka rage muryar rediyon zuwa ƙasa da rabi. Kada ka kuskura ka ɗauko wayar da ke zuwa lasifikar rediyon ka cusa wa ampili, za ka ji ƙauri. Wajen haɗa ampili da lasifika, jar waya ta tafi ga ja, baƙa ga baƙa; in ka juya ɗaya, kaurin ganga zai ɓace. Lasifika biyu ya ɗauke maka, ba ta dukan unguwa ba: masu om 8 guda biyu a ɓangare ɗaya, ja da ja, baƙa da baƙa, suna komawa om 4, ka ƙara ta uku injin ya wahala. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, ka rage, don wannan tsagewar ce ke ƙona ƙaramar lasifika.

Sannan ƙura. Ka rufe shi da ƙyalle idan an kashe, musamman da hunturu, ka ɗora shi inda akuyarka ba ta kaiwa.

Rediyon Kawu kuwa kada a sayar, yana kama tasha fiye da sababbin da ake kawowa Alaba. Idan kaya sun iso, ka sa kaset ɗin Ɗan Anace, ka ɗauki sautin a waya ka turo ta WhatsApp ya ji da kunnensa. Tukuicin ubangida kuma dankalin turawan Dutsi ne, a ba direban in zai dawo.

Wassalam,
Taubashinka na Legas.