Bazazzagi Zai Sayi Jitar Bes

Bawana Bazazzagi,

Labari ya iso Kano tun kafin ka gama shawara da uwargida: wai kuɗin giratutin da ka daɗe kana yi wa zarya, jita za ka saya da su. Ba ma 'yar jitar da ake kaɗawa a sha iska ba, jitar bes, mai tsirkiya huɗu kauri-kauri, wadda in an taɓa ta sai tagogin maƙwabta sun amsa. Samarin Samaru sun ce maka kana da hannu, kai kuma ka hau ka zauna. Ban hana ka ba. Duk wanda ya ga ɗaliban da ka yaye ba zai hana ka gwada wata sana'ar ba. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a ji cewa bawan Bakano ya shiga ciniki an yi masa sakiyar da ba ruwa, don sunan ubangida ne ke ɓaci a kasuwa.

Na ga hotunan da dillalin nan na Legas ya turo maka ta WhatsApp, waɗanda ka bi ka raba wa kowa har da mai shayin bakin layinku. Ya ce Fender ce, Jazz Bass, ƙirar Amurka, ta 1968, wai wani tsohon Bature ne ya rasu 'ya'yansa suka zuba kayansa a kwantena. Kai kuma da ka ga rubutun boko a kanta sai jikinka ya yi sanyi, don a wurinku Zage-zagi duk abin da aka rubuta ya zama gaskiya. To buɗe hoton da ya nuna kan jitar, ka ja shi da yatsu biyu ya girma. Akwai lamba da ta fara da MN. Kusa da ita akwai ɗan wurin da ya fi sauran itacen haske, an bi shi da sanfefa. A nan aka rubuta ƙasar da aka ƙera ta, kuma da Amurka aka rubuta da babu wanda zai wahalar da kansa wajen gogewa.

Zauna in koya maka karatun da ba a yi a jami'arku. A 1968 kamfanin Fender ba ya sa lamba a kan jita. A jikin faifan ƙarfen nan na baya yake buga ta, wanda kusoshi huɗu suka ratsa suka haɗa wuya da gangar jiki. Sai a 1976 lambar ta koma kai, kuma daga nan harafin farko ke faɗin zamani: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000. In ka ga M ta riga su, masana'antar Ensenada ce ta ƙasar Meziko. Ke nan taka MN 'yar Meziko ce ta shekarun 1990, an ɗora mata tsufan kusan shekara 30 da ba nata ba. Ga wata shaidar a hoton: ramin alanki da ke saman wuya, mai zoben baƙar roba. Ta 1968 ba ta da shi a nan, nata yana can gindin wuya inda ya haɗu da jiki.

Dillalin bai zaɓi shekarar da ka ba. Leo Fender ya fito da Precision a 1951, Jazz ta biyo baya a 1960, ya sayar da kamfanin ga CBS a farkon 1965, kuma masu tara tsofaffin kaya sun fi zuba kuɗi a kan waɗanda suka riga cinikin nan, sannan na bayansa kaɗan. Ka gode masa ma da bai ce maka ta 1962 ce ba. Ina jin ya duba hotonka ne ya ga iya abin da aljihun malamin makaranta zai ɗauka. Af, na ji kana kiranta Precision yau, gobe Jazz. Ban yi mamaki ba, mutanen da ba su raba mace da namiji a magana ina za su raba waɗannan? Precision maɓalli biyu gare ta da fikof ɗaya, wato abin ɗaukar sautin tsirkiya, rabe gida biyu, wuyanta da faɗi. Jazz maɓalli uku, fikof biyu sirara, wuyanta ya tsuke ta sama.

Lambar ma tana iya yin ƙarya, don sitikar Fender da faifan ƙarfen duk ana sayar da su a intanet a kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Mai neman kuɗin tsohuwar jita dole ya yarda a buɗe ta. A kwance faifan da maɓallan ke kai, a juya, a karanta lambar da ke bayan kowace bolum. In ta fara da 137, ta kamfanin CTS ce, lambobi biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. Bolum tana iya girmar jita, don Fender ya jibge na 1966 ya yi shekaru yana amfani da su, amma ba ta zama ƙanwarta sai in an canza ta. A gindin wuya kuma akwai hatimin wata da shekara, sai an cire kusoshi huɗun nan ake ganinsa. In dillali ya ce ba ya so a taɓa, ka ce kai ma ba ka so a taɓa kuɗinka.

Kada kuma ka ɗaga hanci don na ce 'yar Meziko ce, irin yadda kuke yi wa wanda bai yi digiri ba. Jita ce ta ƙwarai, makaɗa da yawa da ita suke cin abinci, kuma ta fi ƙarfin hannunka nesa ba kusa ba. Laifinta kawai farashin wata da aka rataya mata. Ko Squier, ƙaramar alamar Fender da ake ƙerawa a Indonesiya da Sin, ko Yamaha ko Ibanez, in wuyansu lafiya, sun ishe ka har ka gaji ka koma karatun jarida.

Wuyan nan shi ne abin da za ka biya wa kuɗi. Tsirkiyoyi huɗun bes in an ɗaure su daidai suna jan sa da nauyin kilo 70 da ɗoriya, wato buhun shinkafa ɗaya da rabi rataye a siririn itace dare da rana, shekara da shekaru. Abin da ke hana shi sunkuyawa wata sandar ƙarfe ce a cikinsa, wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da alanki. Ɗauki jitar ka sa gindinta a ƙasa, ka rufe ido ɗaya, ka bi gefen wuya da kallo daga kai zuwa jiki, ta dama sannan ta hagu. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, ana so ma. In gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, wuyan ya murɗe, ka ajiye ta ka yi sallama, ko da Leo Fender da kansa ya sa mata hannu. Sannan danne babbar tsirkiya a firet na farko, wato ƙarfen farko da ya gitta wuya, da hannun hagu, ka danne ta a na ƙarshe da na dama, ka leƙa tsakiya wajen na bakwai zuwa na takwas. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen kada ta kai kaurin katin ATM. In ta wuce, ka ce a kawo alanki a murɗa kwatan zagaye a gabanka. Sandar da ta juya wuyan ya amsa, lafiya. Wadda ta cije, ko bakinta ya cinye alanki na yawo a ciki, ko aka riga aka ɗaure ta har ƙarshe wuyan bai miƙe ba, wannan kuɗin sabon wuya take nema, kuma ba a bakin Kasuwar Sabon Gari za ka tsince shi ba.

Akwai kuma abin da dillalin Legas ba zai faɗa maka ba don bai san shi ba, wato hunturu. Itacen da ya sha damshin bakin teku, in ya iso Zariya a Disamba, bushewa yake ya tsuke. Ƙarfen firet ba ya tsukewa, sai bakinsa ya ɓullo ta gefe ya riƙa yankar tafin hannu. Wuyan da aka saita a can zai motsa a nan cikin 'yan makonni, wani lokaci har allon saman ya tsage. Don haka ka ware kuɗin mai gyara tun yanzu, ka kuma nemi wadda ta zo da akwatinta. Kada in ji ka bar ta a but ɗin tsohuwar motar nan taka a rana, ko ka jingine ta a falo don baƙi su san ka waye.

Bidiyon da dillalin ya turo kana ta gyaɗa kai kuwa, ba ka ji komai ba. Babbar tsirkiyar bes tana kaɗawa ne sau 41 a daƙiƙa, sifikar waya ba ta iya fitar da wannan ƙasan, ƙwas-ƙwas ɗin sama kawai take ba ka. Cinikin biri a sama ke nan. Ko ka tafi, ko ka tura wanda ya iya kaɗawa, a jona ta da amfilifaya, a bi kowace tsirkiya firet bayan firet ana sauraron zizar ƙarfe. A duba firet biyar na farko ko tsirkiya ta ci su ta yi rami. A ƙaramar tsirkiya, wajen na biyar zuwa na bakwai, sau da yawa akwai sautin da ke saurin mutuwa. Halin Fender ne, ba ya hana saye, amma ka ɓata fuska a kai a rage maka wani abu. A ƙwanƙwasa kowane fikof da bakin sukundireba a ji ya amsa, a murɗa maɓallan a ji ko suna ƙarar yashi, a girgiza wayar a raminta. Jazz takan yi ɗan gunji in fikof ɗaya aka buɗe, ta yi shiru in an buɗe biyun duka. In gunjin ya ƙi tafiya dillalin zai ce maka janareto ne. Wataƙila. In kuwa ƙaruwa yake da ka taɓa tsirkiya, haɗin wayoyin ciki ne ya sami matsala, aikin mai gyaran rediyo ne, kada ya tsorata ka. Maɓalli, waya, kunnuwan ɗauri, jakin da tsirkiya ke hawa, duk ana canza su da sauƙi.

Sai lissafi, inda na san gumi zai karyo maka. Shiga Reverb ko eBay ka nemi irinta sak, ƙasa ɗaya zamani ɗaya, ka duba kuɗin da aka sayar, ba wanda masu kaya ke fata ba. Juya shi zuwa naira da canjin ranar. Cire kuɗin sabbin tsirkiyoyi, don na bes suna da tsada, cire na saiti, na akwati in babu, na duk abin da aka canza. Goge sunan ƙasar da aka yi ma ragi ne, don ranar da za ka sayar kai za a tuhuma. Abin da ya rage ka gwada shi da farashin sabuwar Squier a shago. In sun yi kusa, ka san inda za ka nufa.

Ka tambayi asalinta, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambarta. Yawancin bes a ƙasar nan na coci-coci ne da ƙungiyoyin makaɗa, kuma suna ɓata. Höfner ɗin da Paul McCartney ya saya a Hambog a 1961 an sace ta a Landan a 1972, ba ta koma hannunsa ba sai da aka haura shekara 50, aka sanar a 2024. Masu kaya ba sa mantuwa, ni kuma ba ni da lokacin zuwa belin Bazazzagi.

Ranar cinikin ka bar Turancinka a gida, da ka buɗe baki da shi za a ninka maka. Kada ka yi murmushi, kada ka shafa fentin, ka fara da maganar sanfefar nan ka taya rabi. Mafi alheri ma ka biya mini kuɗin mota in tsaya a gaba, kai ka riƙe akwati a baya, inda ya dace da kai. La'adata kashi goma ce cikin abin da na rage maka, ban da kuɗin sharar bara da har yau ba ka kawo ba.